Kafin Ka Miƙa Wayarka a Yi Mata Rutin



A damanar bara ɗana ya roƙe ni in ba shi wayata ya yi mata abin da matasa ke kira rutin, wai za ta daina nauyi. Na ba shi. Ranar da albashi ya shigo, manhajar banki ta ƙi buɗewa, hotunan sakamakon ɗaliban aji biyar da na adana kuwa sun tafi. Wannan ne ya sa na nemi a ba ni 'yan mintoci a zaman yau.

Mene ne rutin? An gina manhajar Android a kan tsarin Linux, inda akwai babban mai izini guda da ke iya taɓa kowane fayil. Kamfani yakan rufe wannan izini kafin ya sayar da waya. Yin rutin shi ne karɓe shi. Ku ɗauka tamkar an miƙa wa malamin aji mabuɗan ofishin hedimasta da na sito baki ɗaya.

Amfaninsa ba ƙarya ba ne. Mutum zai iya cire manhajojin da suka zo da waya suna cinye wuri, ya toshe tallace-tallace, ya kuma sarrafa yadda batir ke ƙarewa. Ga mai ƙaramin albashi da tsohuwar waya, wannan abin sha'awa ne.

Amma mu dubi kuɗin da ake biya. Na farko, kafin rutin sai an buɗe makullin da ke tayar da waya, kuma buɗe shi yana goge duk abin da ke cikinta. Na biyu, manhajojin banki da yawa suna binciken lafiyar waya, in sun ga an taɓa ta sai su ƙi aiki. Na uku, garanti yakan faɗi. A wayoyin Samsung ma akwai alamar tsaro ta Knox, wadda in ta sauya ba ta komawa. Na huɗu, sabunta tsaro daga kamfani yakan tsaya. Mafi muni, muguwar manhaja da ta sami wannan izini tana iya karanta saƙon lambar sirri da banki ke turowa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Shawarata ita ce: wayar da albashinka ke shiga, wadda ke ɗauke da bayanan yaran mutane, kada ka yarda a yi mata rutin. In wuri ne ya cika, share bidiyoyin WhatsApp, sa katin memori, ka dakatar da manhajojin da ba ka buƙata daga saiti. In kuma ɗanka mai son sani ne irin nawa, kada ka kashe masa gwiwa. Ba shi tsohuwar waya marar layi ya koya a kanta.

Allah ya tsare mana guminmu.