Awa 72 Tsakanin Makarfi da Jidda

(Jawabin da wani ɗalibi ɗan ƙasar Makarfi ya gabatar a taron ɗaliban Ikara, Makarfi da Kudan, wanda wasu ma'aikatan Gwamnati 'yan yankin suka halarta.)



Da aka ce in yi magana a kan dokokin gwajin cuta da aka ɗora wa matafiyan jirgin sama a zamanin annobar korona, wani abokina ya ce mini, ina amfanin tono abin da ya wuce, alhali yawancinmu ko ƙofar filin jirgi ba mu taɓa takawa ba? Yana da gaskiya ta wani fanni. Nijeriya ta janye waɗannan dokoki tun watan Disamba 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce annobar ta fita daga matakin gaggawa ran 5 ga Mayu 2023. Amma makasudin jawabina shi ne in nuna muku cewa dokar da aka rubuta a Abuja ko a Riyad, a tsakar gidajenmu take sauka, kuma mu da muka yi boko, mu ne ake miƙa wa takarda a ce mu karanta.

Da fari mu san cewa abin nan ba baƙo ba ne. Kakanninmu da suka yi hajjin ƙasa ta Barno da Cadi da Sudan, in sun isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, sai an tsare su an duba lafiyarsu kafin su haye zuwa Jidda. Iyayenmu sun san katin nan ruwan ɗorawa na allurar shawara. A 1996 ma, da sanƙarau ya ɓarke a Arewa, Sa'udiyya ta rufe ƙofarta ga maniyyatan Nijeriya. Sabon abin da korona ta zo da shi, shi ne agogo. Allura dai in an yi ta, katinta yakan yi shekaru yana aiki. Takardar gwaji kuwa cikin 'yan awoyi take mutuwa.

Ga dalili. Gwajin da ake kira PCR, ɗan tsinke ne mai auduga ake zura wa mutum a hanci, a kai ɗakin bincike, na'ura ta yi ta riɓanya burbushin ƙwayar cutar har ya yi yawan da za a gane shi. Sakamakon ba ya faɗin kome sai halin da mutum yake ciki a sa'ar da aka ɗauki majinarsa. Yana iya kamuwa a motar da ta mai da shi gida. Shi ya sa ƙasashe suka yanka wa'adi, kuma galibi daga sa'ar da aka zura tsinke ake fara ƙidaya, ba daga sa'ar da takarda ta fito ba.

An rufe filayen jiragenmu ga jiragen ƙetare a watan Maris 2020. Ran 5 ga Satumba aka buɗe na Legas da na Abuja, bisa sharaɗin mai shigowa ya zo da gwajin da bai wuce awa 96 ba, ya yi rajista ta intanet, ya biya kuɗin gwaji na biyu, ya killace kansa kwana 7, sa'an nan a sake gwada shi. Filin Malam Aminu Kano, wanda ya fi kusa da mu, sai a watan Afrilu 2021 aka buɗe shi. Hajji kuwa, a 2020 da 2021 ba wanda ya je daga wajen Sa'udiyya. A 2022 aka yarda da mutum miliyan 1, Nijeriya ta sami kujera 43,008, da sharuɗɗa uku: kada shekarun mutum su wuce 65, ya yi allurar rigakafi, ya kuma nuna gwajin da aka yi cikin awa 72 kafin tashi.

To, a nan ne maganar ta shigo gidanmu. Ina da kawu, manomin rake, wanda ya shekara yana tara kuɗin mazarƙwaila har ya biya kujera kafin annoba. Ya jira shekara biyu. Lokacin da aka buɗe hanya shekarunsa 63, amininsa da suka biya tare kuwa ya haura 65, saboda haka aka bar shi a gida. Ni ne na raka kawu, domin ni ke karanta masa saƙon waya, ina kuwa ajin ƙarshe na sakandare. Aka gwada shi, sakamako ya fito lafiya lau. Sai aka ɗaga tashin jirgi. Muka kwana, muka sake kwana, ina ƙirga awoyi a bayan katin allurarsa, har wa'adi ya cika muna zaune a kan tabarma.

Da daren nan wani mutum mai tsabtar tufafi ya tsuguna kusa da mu, ya rage murya ya ce, “Alhaji, kada ka wahalar da kanka. Kawo ɗan abin goro, kafin asuba in kawo maka sabuwar takarda, ba sai an taɓa hancinka ba.” Ba zan ɓoye muku ba, ni zuciyata ta karkata. Na ce, “Kawu, in aka sake gwaji ya fito da wani abu fa? Baɗi ba mu san dokar da za a zo da ita ba.” Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, ɗakin Allah zan nufa da takardar ƙarya a aljihu? In ban da rabo bana, a bar ni in koma gonata.” Gari ya waye ya shiga layi aka sake gwada shi. Allah ya sa ya sauke farali. A shekarar da ta biyo ma aka janye iyakar shekarun.

Na daɗe ina tunanin daren nan. Wanda ya yanka awa 72 yana da hujjarsa ta likitanci, amma ya yi lissafinsa ne da mutumin birni, mai ɗakin gwaji a bayan gidansa da waya mai intanet a hannunsa. Mutumin Ikara ko na Hunkuyi, kafin ya sami mota ya isa Zariya ko Kaduna ko Kano, ya jira sakamako, ya kama hanyar filin jirgi, rabin wa'adinsa ya tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsaga ce masu takardun jabu suka shigo.

Ɓarnar kuwa ba ta tsaya kan mai saye ba. Darajar takardar kowane ɗan Nijeriya tana rataye ne da amanar waɗanda suka riga shi wucewa. Mun ga yadda ƙofa ke saurin rufuwa: da nau'in Omicron ya bayyana, Ingila ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana ran 6 ga Disamba 2021, ta cire ta ran 15 ga wata, Sa'udiyya ma ta dakatar da jirage daga ƙasarmu a wannan watan. A cikin gida kuma, a watan Janairu 2021 Gwamnatin Tarayya ta wallafa lambobin fasfo 100 na waɗanda suka ƙi gwajin kwana 7, ta hana su fita har wata 6.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in wata annoba ta zo, Allah ya kiyaye, aka miƙo muku takarda, ku karanta ta har ƙasa. Ku nemi dokar ƙasar da za a sauka da ta wadda za a yada zango, daga bakin hukuma, ba daga bakin tasha ba. Ku tambayi sa'ar da ake fara ƙidaya. Ku sake dubawa ana gobe tafiya, domin dokokin nan sun sha sauyawa cikin dare ɗaya.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, wata rana wasunku ne za su zauna a teburin da ake tsara irin waɗannan dokoki. Ranar nan ku tuna da nisan da ke tsakanin Kudan da ɗakin gwaji. Ku kai gwajin inda mutane suke, ku fassara sanarwa da Hausa a karanta a rediyo, in kuwa jirgi ne ya makara, kada a ɗora wa talaka kuɗin laifin da ba nasa ba.