Jawabin Taron Ƙungiya: Gona Ɗaya, Shinkafa Iri Biyu

Dattawa iyayenmu, da ƴan uwa ƴan ci-rani na Abijan da Kano da Legas, barkanmu da haɗuwa.

Kowace damina kuna aiko kuɗin takin zamani, muna zuba wa shinkafa, amma wani gefen gonar ya yi kyau, wani gefen ya tsugune. Har an fara zargin juna, ana cewa ba a sayi takin ba. To, an saya. Ga abin da ke faruwa.

Ban da babban abincin da ke cikin yuriya da 15-15-15, shuka tana bukatar waɗansu sinadarai ƴan kaɗan, kamar gishiri a miya. Cikinsu akwai zinki da ƙarfe. Waɗannan buhunan biyu ba don su aka yi su ba.

Kuma ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. A fadamun Majiya da Tarka da Keita, ruwan tuddai yakan zube yashi a baki, ya kai laka can tsakiya. Duwatsun Adar suna da farar ƙasa, ita ce ma ake yin siminti da ita a Malbaza. Inda farar ƙasa ko kanwa ta yi yawa, sannan ruwa ya daɗe kwance, zinki yakan ɗaure, saiwa ba ta iya shansa. Haka kuma inda aka kankare ƙasar sama don baje fili, ko inda zaizaya ta kwashe ta, irin zaizayar da aikin Keita ya fara yaƙa a 1984.

Alamarsa tana fita mako 2 zuwa 4 bayan dashe: ganye ya yi ɗigo-ɗigo kamar tsatsa, shuka ta gajarce, ta ƙi 'ya'ya. Manoman Indiya sun daɗe suna ɗaukar wannan cuta ce, sai a 1966 aka gano rashin zinki ne. Ko mun ƙara yuriya buhu nawa a wurin, asara ce.

Shawararmu guda huɗu ce:

1. Mu kafa turaku a wuraren da shinkafa ta tsugune bana.
2. Mu ɗebi ƙasar wurin dabam, ta gefe mai kyau dabam, mu nemi malaman gona na Madawa ko Buza ko Keita su nuna mana hanyar kai ta awo wajen INRAN.
3. Takin gida da takin shara su fara zuwa waɗannan wuraren.
4. Mu riƙa janye ruwa kwana kaɗan, ƙasa ta sha iska.

In awo ya nuna zinki ne babu, akwai takinsa na musamman, kuma kaɗan ake sawa.

Ƴan uwa na waje, guminku ne. Kafin ku aiko kuɗin baɗi, ku tambaya ko an auna ƙasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.