Gwauro Ma Ɗan Ƙasa Ne: Jawabin Akawun Jam'iyya Ga 'Yan Kasuwa



Maganar ɗakin haya ce ta tara mu yau. Kowa a nan ya san ɗan dako ko mai tireda da ya tara kuɗin shekara da guminsa, ya bi dillali unguwa unguwa. Da mai gida ya ce, "Ina iyali?" aka ce babu, sai ciniki ya watse. Ta mace kuwa ta fi muni. Bazawara mai tuyar ƙosai, ga marayu biyu, sai a ce ta je ta kawo miji, sai ka ce a kasuwar Kurmi ake sayar da shi. Nalako ya kama gwauro da azumi mu yi dariya, wannan wasa ne. Na masu gidaje ba wasa ba ne. Ƙaƙa saurayi zai yi aure alhali an hana shi ɗakin da zai sa amarya?

To, ga abin da doka ta ce, ba ƙari. Tsarin mulki na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama ko'ina cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, ko addini, ko zama namiji ko mace. Amma ba za mu ruɗe ku ba: bai ambaci aure ba, kuma hannun hukuma ya ɗaure, ba na mai gida ba. Wannan giɓi shi muke neman majalisar jiha ta toshe da doka.

In kuwa ka riga ka biya ka shiga, kai da mai mata huɗu ɗaya kuke. A yawancin jihohi, in ba wani sharaɗi kuka rubuta ba, mai biya wata wata notis na wata guda ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata 6. Bayan nan takardar kwana 7, sa'an nan kotu. Mai gida ba shi da ikon ɓalle maka ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kayanka waje, ko da mai unguwa na tsaye bayansa.

Saboda haka kada ku ba da ko kwabo sai da rasit mai kwanan wata da sa hannu. Wanda aka ba notis kada ya yage don fushi. Ya kawo ofis tare da rasit ɗinsa, mu karanta masa, mu ƙidaya kwanakin tare.