Kirci a Jikin Yaranmu da Yadda Za Mu Lallaɓa Fatarsu



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan ciwon fatar nan da muke kira kirci, wanda likitoci ke ce wa egzima. Wani zai ce me ya haɗa fasto da ƙaiƙayi? Abin da ya haɗa mu shi ne, a yawancin ikkilisiyoyinmu na ƙauye, kafin a kai yaro asibiti an riga an kawo shi gidan fasto ko gidan dattijo. Kalmar da ta fara fita daga bakinmu ita iyaye ke riƙewa. In muka ce jifa ne, za a tafi neman wanda ya yi jifan. In muka ja jiki da baya, su ma yaran makarantar Lahadi za su ja.

Bari mu fara da ita kanta fatar. Allah ya yi ta kamar ginin tubali: akwai tubalan, akwai kuma yaɓen da ke riƙe su, wato maiƙon da ke hana ruwan jiki fita, yake kuma hana ƙura da ƙwayoyin cuta shiga. Yaro mai kirci an haife shi ne da raunin wannan yaɓe. Fatarsa ba ta riƙe ruwa, sai ta bushe ta tsattsage. Abin da ba ya damun sauran yara, kamar sabulu ko zufa ko ƙura, shi yana ratsa tasa fatar, jiki kuma ya tashi da faɗa, sai kumburi da ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, fata ta ƙara yagewa, ƙaiƙayi ya ƙaru. Haka abin ke ta zagayawa, mafi muni da dare, har uwa da ɗa su kwana ido biyu.

Abin yana bin jini. A 2006 masana a jami'ar Dandi ta Sukotlan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar halittar da ke sarrafa wani sinadarin fata mai suna filagirin tana cikin manyan dalilansa. In kuka bincika gidan da yaro ke da kirci, sau da yawa za ku sami mai asma ko mai yawan atishawa, a dangin uwa ko a dangin uba. Na ce ko a dangin uba da gangan, domin surukai su ji. Ba nonon uwa ba ne ya lalace, ba kuma ƙazantarta ba ce. A wasu ƙasashe kusan yaro 1 cikin 5 yana da shi, yawanci yakan fara kafin shekara 5, da dama kuma sukan sami sauƙi sosai yayin da suke girma. Kuma ba ya yaɗuwa. Ko tabarma ɗaya aka kwana, ko kwano ɗaya aka ci, ba a ɗauka.

A jariri yakan fito a kumatu da goshi. In yaro ya yi wayo sai ya koma lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwar ƙafa da wuya. A baƙar fata irin tamu ba ya yin ja kamar yadda ake gani a hotunan Turawa. Wurin yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kaushi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki. In ya lafa yakan bar tabo, fari-fari ko baƙi, wanda ke ɗaukar watanni kafin ya koma daidai.

To, wannan farin tabon shi ne ya kawo ni nan. Da an gan shi sai a fara raɗa: kuturta. Mu kuma masu karanta Littafin Firistoci sura 13 da 14 sai mu ƙara wa tsoron nauyi. Waɗanda suka yi nazarin Ibrananci sun san kalmar da aka fassara kuturta a can ta fi cutar da muka sani faɗi, tun da har a jikin riga da bangon ɗaki ana samun ta. Ku lura kuma da aikin firist a wannan sura: dubawa yake yi da kyau, ya jira kwana bakwai, ya sake dubawa, akwai kuma tabon da yake cewa mai shi tsarkakakke ne. Bai yanke hukunci daga nesa ba. Kuturta ta ainihi ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Tabonta ba ya cika ƙaiƙayi, alamarsa ita ce mutuwar ji: a taɓa wurin da zaren auduga mutum bai sani ba. Kirci kuwa ji ne ya yi masa yawa. Ko da kuturtar ce ma, tana warkewa, tun 1995 kuma kyauta ake ba da maganinta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Saboda haka babu dalilin ware yaro a benci na baya, babu dalilin fasa baikon yarinya saboda tabo a wuya.

Akwai wasu cututtukan da ake rikita su da shi. Ƙazuwa tana kama tsakanin yatsu, za ku ga gida duka ana susa, kuma sai an yi wa kowa magani tare. Makero yakan yi zobe, a kai kuma ya cinye gashi. Ƙyasbi yana fitowa a ƙirji da baya, ba ya cika damuwa, amma shi ne mutanen gari ke kira egzima da Turanci. Shi ya sa in ka je kemis ka ce egzima, sau da yawa maganin ƙyasbi za a miƙo maka, wanda ba ruwansa da matsalar ɗanka.

Yanzu kulawa. Tun da fatar ba ta riƙe ruwa, aikinmu shi ne mu riƙe mata. A yi wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, minti 5 zuwa 10 ya isa. A ajiye soso, a wanke da tafin hannu. Na san wannan zai yi wa kakanni wuya, domin a wurinmu in ba a dirje yaro ba kamar bai yi wanka ba, amma dirzar nan kankare ɗan yaɓen da ya rage take yi. Sabulu kaɗan, marar turare, a hamata da matsematsi da ƙafa. Sabulun salo namu ne, na toka ne da mai, amma yana da kaifi, yana busar da irin wannan fata. Haka sabulun magani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti. Bayan wanka a danna tawul a hankali, kada a goge, sannan tun jiki na da laima a shafa mai, da yawa, duk jiki.

Wane mai? Man kaɗanya na asali, wanda ba a sa masa turare ko launi ba, yana da kyau, kuma ga shi a kasuwarmu. Farin basilin marar ƙamshi shi ma haka, ga araha. Man kwakwa mai tsabta an gwada shi a kan yara masu kirci a ƙasar Filifin, aka ga amfaninsa. Duk wanda aka zaɓa, a fara gwada shi a ɗan wuri kwana biyu. A shafa safe da yamma aƙalla, da hunturu a ƙara. Inda yawancinmu ke faɗuwa shi ne da fata ta yi kyau sai a daina. Man nan kamar ban ruwan lambu ne, ranar da aka bari ranar bushewa ke farawa.

Mai biyu zan ja kunne a kansu. Na farko man gyaɗa: bincike a Ingila a 2003 ya danganta shafa shi a fatar jariri da ta tsage da samun borin gyaɗa daga baya. Na biyu ya shafe mu kai tsaye, wato man zaitun. A 2013 aka gwada shi a jami'ar Shefil, aka ga shafa shi kullum na 'yan makonni yana raunana fata maimakon ya gyara ta. Ba ina hana dattawa shafa ɗigo a goshi lokacin addu'a ba, wannan yana nan yadda wasiƙar Yakubu ta koyar. Amma kada a ba uwa kwalba a ce ta riƙa mulke yaro da shi dare da rana.

Ba duk abin da ya fito daga daji ne ke da sanyin hannu ba. Tafarnuwa tana ƙona fata, lemun tsami da kanwa da toka haka. Man birki da wasu ke shafawa kuwa, ku taimake ni ku hana. Sannan ga mayukan kwali da ake cewa suna maganin komai, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin su kulobetasol. Cikin kwana uku fata ta yi sumul, uwa ta yi murna. In aka daɗe ana shafawa sai fata ta sirance, ta yi haske, ta yi nankarwa, a jariri kuma maganin yana iya shiga jini. Wannan bai sa mu ƙi maganin likita ba. Lokacin da ciwon ya tashi sosai, mai kaɗai ba ya kashe wutar, likita yakan ba da mai sauƙi kamar haidirokotizon na 'yan kwanaki, kuma in aka bi ƙa'idarsa ba abin tsoro ba ne.

A sa wa yaro tufafin auduga, a ɗauraye wanki sosai kada omo ya saura, a yanke masa farce, kada kuma a lulluɓe shi har ya yi zufa. Kada a hana shi ƙwai da madara da kifi a kan zato kawai, domin yaron da ke fama da fata bai kamata a ƙara masa yunwa ba. In an lura wani abinci na tayar masa nan take, a gaya wa likita. Manya ma su duba abin da suke taɓawa: siminti ga magina, 'yan kunne masu araha da baƙin lalle ga mata, duk suna jawo irin nasu kircin, maganinsa na farko kuma rabuwa da abin.

Dattawa, ga inda ba a jira. In wurin ya fara tsatsafo ruwa ko mugunya, ya yi ɓawo ruwan zuma, in ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suka bazu cikin kwana ɗaya ko biyu, in ya kai kusa da ido, ko zazzaɓi ya shigo, to ƙwayar cuta ta sami ƙofa. A yi addu'a a tsaye, a nemi babur a kai shi asibiti a ranar. In kuɗin mota ne babu, ma'aji yana nan zaune, ya ji ni.