HAZON HUNTURU DA ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jujjuya lokuta, tsira da amincinSa su tabbata ga Manzon Rahama. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, maudu'inmu shi ne iskar da muke shaƙa a garin Nguru da ƙauyukansa, musamman tun daga ƙarshen kaka har zuwa faɗuwar ruwan farko.

Kowa ya san yadda shekararmu take. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, a lokacin ne ruwa yake wanke sararin sama, ciyawa ta riƙe ƙasa. Da zarar an cire amfanin gona, iska ta juya ta fito daga arewa maso gabas, sai hazo ya sauka daga Nuwamba har zuwa Maris.

To, daga ina wannan ƙura take? Mafi yawanta daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, tsohon gindin Tafkin Chadi wanda ya ƙafe shekaru aru-aru da suka shige. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe farar ƙasar kwarin, cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso kanmu. Masana sun tabbatar cewa wani sashenta yana ƙetare Tekun Atilantika har zuwa Amurka ta Kudu. Wannan ƙura ba mu muka tayar da ita ba, kuma babu mai ikon tare ta.

Amma, 'yan'uwa, akwai wadda muke ƙarawa da hannuwanmu, kuma a kanta ne muke son mu tsaya. Muna cinna wa daji wuta don farautar ɓeraye da gafiya. Muna ƙona karan gero da na dawa lokacin sharar gona, alhali shi ne bargon da ke hana iska kwashe ƙasar noma. Muna ƙona shara da leda a tsakiyar unguwa da magariba, lokacin da sanyi ke danne hayaƙi a ƙasa. Muna sare gawo da ƙirya da aduwa don yin gawayi. Sannan mu shigar da kaskon garwashi ɗaki mu rufe ƙofa da taga, ba tare da sanin cewa yana fitar da guba marar wari marar launi wadda take kashe mai barci ba.

Su wa ke ɗaukar nauyin wannan? Jarirai, da tsofaffi, da masu ciwon fuka, da matan da ke yini a bakin murhu. Ƙurar da ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani, domin tana wuce hanci har cikin huhu. Haka nan bushewar iska tana raunata hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar sanƙarau ƙofa, musamman inda ake kwana a cunkushe. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2017 ta sake ɓarkewa daga Zamfara, ta ci rayuka fiye da 1,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kariya daga nau'i biyar na cutar. Uban da ya hana ɗansa wannan allura, wace hujja zai kawo?

Kada wani ya ce gyara ba zai yiwu ba. Maƙwabtanmu manoman Maraɗi da Damagaram, bayan farin 1984, sun rungumi barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon tumɓuke su. Ta haka suka raya fili kimanin hekta miliyan 5. Gawo kuwa kun san halinsa, yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, kuma yana ƙara wa ƙasa taki.

Saboda haka muna kira ga kowane magidanci da ya bar tohon itace a gonarsa, ya bar kara ya rufe ƙasa, ya daina ƙona daji. A yayyafa ruwa kafin shara. A fitar da garwashi kafin barci. A rufe hanci da baki ranar da hazo ya yi kauri. Yaron da ya kamu da zazzaɓi da sanƙarewar wuya a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Limamai da masu unguwanni su isar da wannan saƙo, domin cutar da maƙwabci da hayaƙi ita ma cutarwa ce.

Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka, Ya sa mu yi aiki da abin da muka ji.