Gajiya Mai Cin Rai: Halin Ma'aikatan Jiyya 'Yan Ci-Rani a Amurka



In Bahaushe ya tambayi ɗan'uwansa, "Ina gajiya?" amsar da zai samu ita ce "Ba gajiya," ko kuwa "Gajiya ta bi lafiya," ko da wanda aka tambaya ɗin ya kwana yana tuƙa mota daga Legas. Gajiyar da wannan gaisuwa take nufi ita ce ta jiki, wadda wanka da tuwo da barci suke korewa. Akwai kuwa wata iri wadda barci ba ya yi mata komai. Mai ita yakan tashi da safe kamar bai kwanta ba, ya tarar aikin da ya kashe shekaru yana koyo ya fita daga ransa. Hausa tana da kalmomin da suka yi kusa da ita, kamar ƙosawa da gundura da mutuwar zuciya, amma kowace ta ɗauki gefe guda ne kawai. Turawa sun kwatanta ta da wutar da ta cinye makamashinta, tamkar fitilar da mai ya ƙare mata ta koma cin lagwani. A cikin wannan lacca za a kira ta gajiya mai cin rai, za a kuma dube ta a jikin wasu ma'aikatan lafiya na ƙasar Amurka, waɗanda tsarin aikinsu ya fito da ita fili ƙwarai.

Sana'ar waɗannan ma'aikata ita ce jiyya ta hanyar aiki. Ta bambanta da ta mai gashin ƙashi, ko da yake sukan yi aiki kafaɗa da kafaɗa. In mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki, alal misali, mai gashin ƙashi zai dage har ƙafa ta taka. Mai jiyya ta hanyar aiki kuwa abin da ya dame shi shi ne yadda mutumin zai sa riga da hannu ɗaya, ya kai cokali baki, ya shiga makewayi ba tare da an riƙe shi ba, ya koma sana'arsa in da hali. An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a watan Maris na 1917 a garin Clifton Springs na jihar Niyu Yok. Mutum shida ne suka hallara, cikinsu har da George Barton, mai zanen gine-gine wanda ya yi fama da tarin fuka ya kuma farfaɗo da kansa ta hanyar aikin hannu, da Eleanor Clarke Slagle, wadda ta shahara wajen koya wa masu taɓin hankali tsayar da lokacin tashi da wanka da cin abinci. A 1922 aka buga wata maƙala ta likita Adolf Meyer inda ya kafa lafiyar mutum bisa daidaito tsakanin abubuwa huɗu, wato aiki da wasa da hutu da barci. Yana da kyau a riƙe waɗannan huɗu, domin su ne tsarin ci-rani yake fara rushewa.

Ga yadda tsarin yake. Asibiti ko gidan jinyar tsofaffi ko makaranta za ta rasa ma'aikaci, sai ta nemi kamfanin dillancin ma'aikata ya kawo mata na wucin gadi. Kwantiragin galibi na mako 13 ne. Ma'aikaciyar, da yake yawancin masu sana'ar mata ne, za ta loda kayanta a mota ta yi wata uku a Teksas, wasu ukun a Kalifoniya, daga nan wataƙila Alaska. Kowace jiha da lasisinta, ko da yake tun daga 2021 jihohi da dama sun shiga wata yarjejeniya ta sauƙaƙa wannan. Abin da yake jan mutane shi ne kuɗi. Tun 2007 ba a shiga sana'ar sai da digiri na biyu, karatun kuwa da bashi ake yinsa, ga shi ɗan ci-rani ya fi zaunanne samu, saboda ana ba shi kuɗin masauki da na abinci waɗanda ba a cire musu haraji. Amma da sharaɗi. Tilas ya kasance yana da gida na asali da yake ɗauke da nauyinsa, kuma in ya zarce shekara guda a wuri ɗaya wannan rangwame ya faɗi. Wato dokar haraji da kanta tana kora shi gaba.

Masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ne ya fara bayyana gajiya mai cin rai a rubuce a 1974, bayan ya ga yadda 'yan sa-kai a wani asibitin kyauta na birnin Niyu Yok suke shigowa da zafinsu, kafin shekara ta kewayo sun yi laushi. Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya da Susan Jackson suka fito da ma'auninta a 1981, suka raba ta gida uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, da bushewar zuciya ga waɗanda ake yi wa hidima, da jin cewa aikin ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a cikin kundinta na rarrabe cututtuka, ta kuma ce ba cuta ba ce, matsala ce da take tasowa daga wahalar wurin aiki wadda aka daɗe ba a magance ba. Wannan bayani yana da nauyi, domin ya ɗauke laifin daga kan ma'aikaci ya kai shi inda ya fi dacewa.

To, me ya sa abin ya fi kama 'yar ci-rani? Da farko dai, a tambayi dalilin da ya sa aka neme ta. Wani lokaci ma'aikaciyar wurin ce ta tafi hutun haihuwa. Sau da yawa kuwa wurin ya riga ya gajiyar da nasa mutane sun gudu, ita ce aka kawo ta toshe ɓarakar. Za a nuna mata wuri na yini ɗaya, wani lokaci ma rabin yini, a danƙa mata kwamfuta mai tsarin rubutun da ba ta saba da shi ba, a miƙa mata jerin marasa lafiya cikakke.

Sai kuma maganar awo. A gidajen jinyar tsofaffi da yawa ana bukatar ma'aikaci ya kashe kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na lokacinsa a kan aikin da za a iya cajin kuɗinsa daga inshora. A yi lissafi. Awa 8 minti 480 ke nan. Kashi 90 nasa minti 432 ne. Saura minti 48, kuma a cikinsu ne za ta yi tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki, ta jira a gama yi wa tsoho wanka, ta yi magana da 'ya'yansa, ta halarci taro, ta rubuta rahoto. Ba ya isa, kowa ma ya san ba ya isa. Saboda haka wasu sukan yi rubutun a gaban maras lafiya, ido a kan kwamfuta, wasu kuma su ƙarasa shi bayan tashi ba tare da biya ba. Nan ne bushewar zuciya take samun ƙofa. Tsohuwar da take son ta ba da labarin mijinta marigayi kafin ta ɗaga hannu ta zama mai cin minti. Wadda ta shiga sana'ar don ta saurari irin wannan tsohuwa, ranar da ta ji kanta tana ƙosawa da ita, ranar ce takan fara zargin kanta.

Daɗin daɗawa, ba ta cika ganin ƙarshen aikinta ba. Farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki takan ɗauki watanni. Ita ce ta sha wahalar makonnin farko, amma ranar da mutumin zai ɗaura maɓallin rigarsa da kansa tana wata jiha. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma abokan aiki ba su cika zuba zumunci a kan wanda suka san zai tafi ba, balle in sun ji ya fi su albashi.

An kira ta 'yar ci-rani, amma kwatancin bai cika ba, kuma inda ya gaza nan ne darasin yake. Ɗan ci-rani na ƙasar Hausa in ya sauka Kano ko Ibadan yana da zango, yana da mai masauki, yana da 'yan garinsu da za su ci abinci tare. Mafi muhimmanci, yana da damina. Hadari na haɗowa zai ɗaure kayansa ya koma gona, babu mai riƙe shi. Ita kuwa ba ta da damina. Tun tana mako na takwas ko na tara dillali zai fara bugo waya da sabon kwantiragi, kuma duk makon da ta zauna ba aiki ba ta da ko kwabo, wani lokaci ma inshorar lafiyarta takan tsaya in hutun ya yi tsawo. Saboda haka babban abin da waɗanda suka daɗe a wannan hanya suke yi shi ne su yanka wa kansu damina: su ware kuɗin mako biyu ko wata guda tun daga albashin farko, su sanar da dillali ranar da za su koma gida kafin ya kawo tayinsa.

Sauran maganin yana cikin takardar kwantiragi, kafin a sa hannu. A nan ne kaɗai take da ƙarfi, domin su ne suke nemanta. Tana iya tambayar kashi nawa ake bukata a awo, marasa lafiya nawa ne a yini, kwana nawa za a ba ta ta koyi wuri, ko akwai wani mai irin sana'arta da za ta yi shawara da shi, da kuma mataimaka nawa za ta sa hannu a kan aikinsu da lasisinta. Ta sa a rubuta awoyin da aka lamunce mata a mako, da wa'adin da za a ba ta in za a soke kwantiragin, da ranakun da ba za ta zo ba. Alkawarin baki na dillali ba ya ɗaure asibiti. In wuri ya yi kyau, ƙara mako 13 a nan ya fi sabon wuri sauƙi, tun da an huta da neman ɗaki da koyon hanya. In kuwa gidajen tsofaffi ne suka cinye ta, ta gwada makaranta ko aikin bin marasa lafiya gida-gida.

Ana yawan ba irin waɗannan ma'aikata shawarar motsa jiki da numfashi a hankali. Ba laifi, amma wanda aka ɗora wa buhu biyu ba koyon tafiya yake bukata ba. Abin da ya fi kusa da amfani shi ne darasin Slagle, wanda su da kansu suke koya wa marasa lafiya: lokacin tashi ɗaya, lokacin cin abinci ɗaya, a kowane gari aka sauka, da neman majami'a ko masallaci ko wata ƙungiya tun a makon farko, kafin kaɗaici ya zauna.

Akwai iyaka guda da ya kamata a sani. Gajiya mai cin rai tana manne da aiki, takan kuma sassauta in an rabu da shi. In ma'aikaciya ta koma gida ta yi makonni, abinci bai yi mata daɗi ba, barci ya ƙi, ganin 'yan'uwa bai faranta mata ba, to ana iya zaton abin ya zama ciwon damuwa, wanda yake bukatar likita. Wannan kuwa yana da wuya ga mai sauya jiha kowane wata uku, domin sau da yawa lasisin mai ba ta shawara ma na jiha ɗaya ne, ko da ta waya suke ganawa. Shi ya sa ya fi kyau ta nemi likitanta a jiharta ta asali, ta kuma sa ranar ganinsa a cikin hutun da ta yanka.