Kufan Alƙalawa: Jawabin Taron Ƙungiya

Iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa da suka dawo daga cin rani, muna yi muku barka da zuwa.

Yau muna so mu yi magana a kan wani gari wanda ba kowa a cikinsa. Kun san kwarin Tarka da ya ratsa ƙasar Balbeji. In kuka bi shi yamma, ta ƙasar Dakwaro da Madawa, zai kai ku Najeriya, wajen Gulbin Rima. To, a bakin wannan gulbi, cikin ƙasar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, nan kufan Alƙalawa yake.

Gobirawa daga Azbin suka taso. Sun zauna Birnin Lalle, kana suka gangara ƙasar Zamfara. Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfarawa da yaƙi a tsakiyar ƙarni na 18, ya gina Alƙalawa ta zama babban birninsa. An ce wurin gonar alƙalin Zamfara ce, shi ya sa aka sa masa wannan suna. Ga ruwa, ga fadama, ga kasuwa. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa, jama'a suka watse. Daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a 1836, wasu kuma suka kafa Sabon Birni. Alƙalawa ba ta sake tashi ba. Abin da ya rage sai tudun ganuwa da kaburburan sarakuna.

Jama'a, gulbin yana nan har gobe, mutanen ne babu. Mu nan Damargu ba yaƙi ya kore mu ba, fari ne, na 1973 da na 1984. Kowa cikinmu ya san ƙauyen da rijiyarsa ta rufta don ba mai yasarta.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Dattawa su zauna da magatakarda su faɗa masa sunayen kufai da tsofaffin rijiyoyin ƙasar Olelewa, da waɗanda suka haƙa su, a rubuta tun suna da rai. Ku kuma mazauna Kano da Agadas da Damagaram, kowa ya kawo nasa kuɗin yasar rijiya kafin bazara, kuma in damina ta faɗi a zo a nome gonar gado.

Allah ya raya mana garuruwanmu. Amin.